Rigakafin zubar jini ga yara masu himofiliya a kwarin Rima

Himofiliya cuta ce ta gado da ke hana jini daskarewa a kan lokaci, saboda ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran daskarar da jini, wato na 8 a nau'in A, ko na 9 a nau'in B. Uwa ce ke ɗauke da ita, galibi ba da saninta ba, 'ya'yanta maza kuma su ne ke kamuwa.

A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran ƙasar Hausa, askar wanzami ce takan fara tona ciwon, ko wajen cire beli ko wajen kaciya, sai jini ya yi ta tsattsafowa kwana da kwanaki. Saboda haka, gidan da aka taɓa samun kawun yaro, ɗan'uwan mahaifiyarsa, ya galabaita bayan kaciya, wajibi ne a gwada jinin yaron kafin aska ta taɓa shi. Ɓarna mafi girma kuwa a ɓoye take faruwa, domin da zarar yaro ya fara tafiya jini yakan taru masa a gwiwa ko idon sawu, wurin ya kumbura ya yi zafi, a zaci targaɗe ne a kai shi wurin mai ɗori, murzar ta ƙara tsananta abin, har maimaituwar hakan ta cinye guringuntsi ta nakasa gaɓar.

Rigakafin shi ne a riƙa yi wa yaro allurar sinadarin da ya rasa ta jijiya, sau biyu ko uku a mako, tun kafin gaɓoɓi su lalace, hanyar da Inga Marie Nilsson ta faro a Malmö ta ƙasar Suwidin a 1958. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya nuna cewa kashi 93 cikin ɗari na yaran da aka yi wa rigakafin sun kai shekara shida da lafiyayyun gaɓoɓi, alhali kashi 55 ne kawai cikin waɗanda ake jira sai sun zubar da jini. Daga 2017 an samu Hemlibra, allurar ƙarƙashin fata don nau'in A, wadda ake iya yi sau ɗaya a mako huɗu.

Tsada ce babbar matsalar, shi ya sa yawancin waɗanda aka gano suna da cutar a Najeriya suka dogara da maganin tallafi da Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya ke aikowa ta hannun gidauniyar himofiliya ta Najeriya. Iyalin da suka ga alamun su nemi a tura su sashen cututtukan jini, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, su kuma guji ba yaron asfirin ko yi masa allurar tsoka a kemis.