2.4 Hanyoyin da Asenik ke Shiga Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

A wannan sashe za a yi bayanin yadda asenik ke rabuwa da dutse ya shiga ruwan rijiya, da kuma hanyar da ta fi shafar ƙasar Malumfashi. Asenik guba ce da Allah ya halitta a cikin duwatsu. Idan ta narke a ruwa ba ta da launi, ba ta da wari ko ɗanɗano. Shan ta shekara da shekaru yana kawo tabo a fata, da kaurin tafin hannu da na ƙafa, da ciwon daji na fata ko huhu ko mafitsara. Saboda haka ne a 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta daga miligiram 0.05 zuwa 0.01 a kowace lita, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta ɗauki wannan ma'auni.

Masana sun kasa hanyoyin gida biyu. Ta farko tana faruwa ne a inda iska ba ta kai wa ga ruwa. A ƙasar Bangaladash asenik na manne da tsatsar ƙarfe da ke jikin yashin da koguna suka tara. Ƙwayoyin bakteriya masu cin ruɓaɓɓen ganye sukan ƙarar da oksijin, sannan su narkar da tsatsar, sai gubar ta saku. An haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a can tun daga shekarun 1970 domin gudun kwalara, ba a tabbatar da gubar ba sai a 1993.

Hanya ta biyu kishiyar ta farko ce, wato shigar iska ita ce sanadi. Akwai ma'adini mai suna asenofairait, haɗin ƙarfe da farar wuta da asenik, wanda yakan zauna tare da zinariya a jijiyoyin dutse. Muddin yana binne ba ya ɓarna. Da zarar iska da ruwa sun taɓa shi, ko ta haƙar ma'adinai ko ta saukar ruwan ƙasa da rani, sai ya ruɓe ya saki gubar. Irin wannan ne aka samu a burtsatsen lardin Yatenga na Burkina Faso, da kewayen mahaƙar Obuwasi a Gana.

Idan aka dubi Malumfashi da Funtuwa, a kan tsofaffin duwatsu masu tauri suke zaune, kuma ruwansu yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutse na sama da tsagogin da ke ƙasa. Har ila yau akwai zirin dutse mai falle-falle da masana suka raɗa wa sunan Malumfashi, ɗan'uwan na Anka da Maru da Birnin Gwari inda ake haƙar zinariya. Ke nan hanya ta biyu ce abin lura a wannan yanki. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta nuna cewa dutsen zinariya yakan zo da wasu ma'adinai masu illa.

Tun da yake tsagogin dutse ba haɗe suke ba, rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai. Don haka awon rijiya ɗaya ba ya wanke maƙwabciyarta, tafasa ruwan kuma ba ya cire gubar. Wajibi ne a auna kowace burtsatse kafin a miƙa ta ga jama'a.