Ƙwayar Tazarar Haihuwa da Ƙurajen Fuska

A ce uwa ta ɗaga jakar 'yarta budurwa za ta yi shara, sai ga katin ƙwayoyi ya faɗo, irin mai ranakun mako jere a jikinsa. Ta san katin sarai, don ita ma ta taɓa shan irinsa bayan wata haihuwa. Yarinya ta rantse likita ne ya rubuta mata saboda ƙurajen fuska. Kafin a kai ga salati da kiran kawunai, ya kamata uwar ta sani cewa maganar na iya zama gaskiya.

A fatar fuska da ƙirji da gadon baya akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu fitar da maiƙo ta ƙofofin gashi. Abin da ke zuga su shi ne sinadarin androjin, wanda aka fi sani a jikin namiji, amma mace ma tana da nata daidai gwargwado. Idan ya yi yawa, ko fatar ta cika saurin amsa masa, sai maiƙo ya taru da matattun ƙwayoyin fata su toshe ƙofa, ƙwayar cuta ta sami wurin zama, wuri ya kumbura ya yi ruwa. Wasu matan kan ga ƙurajen sun yi musu layi a haɓa da muƙamuƙi, masu zurfi da zafi, suna tasowa duk lokacin da al'ada ta gabato. Sabulu bai cika isa ga irin waɗannan ba, domin daga ciki ake hura wutarsu.

Nan ƙwayar tazarar haihuwa ta shigo. Wadda ake nufi ita ce mai haɗin sinadari biyu, estrojin da furojestin. Tana rage androjin ɗin da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa, sannan tana sa hanta ta ƙara samar da wani furotin da ke kama ragowar a cikin jini ya hana shi kaiwa ga fata. Maiƙo ya ragu, ƙuraje su lafa.

Ba maganar 'yan talla ba ce. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wasu daga cikin ƙwayoyin don wannan aiki, irin su Ortho Tri-Cyclen da Estrostep, sai Yaz a 2007. A 2012 kuma cibiyar Cochrane ta fitar da bitar gwaje-gwaje 31 da suka haɗa mata fiye da 12,000, kuma wanda sunansa ya zo farko a marubutan likitan mata ne daga Ibadan, Ayodele Arowojolu. Sun sami cewa ƙwayoyin na rage yawan ƙuraje da tsananinsu idan aka gwada su da ƙwayar da babu magani a cikinta. Sai dai mai gaggawa ba za ta ji daɗi ba. Yawanci sai an yi wata uku kafin madubi ya fara ba da labari mai daɗi, wani lokaci har wata shida.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk wani maganin tazarar haihuwa a matsayin abu ɗaya. Allurar wata uku, da ɗan tsinken da ake sakawa a damtse, da ƙwayar da ake ba masu shayarwa, duk furojestin ne zalla, kuma a wasu matan su ne ma ke tayar da ƙurajen. Postinor, wadda ake sha bayan saduwa, ba ta da alaƙa da gyaran fuska ko kaɗan. Namiji kuwa kada ma ya soma.

Abin da ya sa ba na son jin ana sayen ƙwayar nan a kemis kamar Panadol shi ne estrojin na ƙara wa jini saurin daskarewa. Ƙididdigar hukumar magunguna ta Turai ta nuna cewa cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwayar, kusan 2 ne ke samun gudan jini a jijiya a shekara. Masu shan mai furojestin nau'in levonorgestrel 5 zuwa 7 ne, masu shan mai drospirenone, irin Yaz, 9 zuwa 12. Adadin ba shi da yawa, amma gudan da ya taso daga ƙafa ya toshe huhu kisa yake yi. A watan Janairun 2013 Faransa ta sanar da dakatar da Diane-35, maganin ƙuraje mai irin wannan haɗi, bayan an danganta shi da mutuwar mata huɗu cikin shekara 25. Ya dawo kasuwa a 2014 da sharaɗin kada a ba da shi sai magungunan shafawa da na kashe ƙwayoyin cuta sun gaza.

Shi ya sa likitan kirki zai fara ɗaura miki awon jini a hannu kafin ya ɗauki biro. Mai hawan jini, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta kai shekara 35, da wadda ta taɓa samun gudan jini ko ciwon hanta mai tsanani ko sankarar mama, da mai jego a makonnin farko, duk ba tasu ba ce. Mai shan rifampicin na tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya ta sani suna rage ƙarfin ƙwayar. Wadda ta fara sha kuma ta ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ƙirji ya riƙe, asibiti za ta nufa a ranar.

Akwai kuma abin da ya shafi baƙar fata. Ƙwayar kan jawo wa wasu duhu-duhu a kumatu da goshi, musamman masu shiga rana, sai a rabu da ƙuraje a koma fama da dabbare-dabbare. Tambayar da ba a son amsawa ita ce ta man shafawa. Da yawa daga cikin mayukan bilicin ɗin da ake haɗawa a kwalba marar suna na ɗauke da sitiroyid, kuma sitiroyid da kansa yana fesa ƙuraje. Mai irin wannan ba ƙwaya take buƙata ba. Ta ɗauki kwalbar ta kai wa likita ya gani, ya nuna mata yadda za ta rabu da shi a hankali.

Ƙwayar ba ta hana haihuwa nan gaba. Da an daina, jiki na komawa yadda yake. Ƙurajen ma sau da yawa haka suke yi, su dawo bayan 'yan watanni. Idan kuwa suna tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, a duba ma'ajiyar ƙwai, don wataƙila can matsalar take.

Uwar da ta tsinci katin nan tana da amfani a ɗakin likita. Yarinya ba lallai ta san cewa gwaggonta ta taɓa kwanciya da kumburarriyar ƙafa bayan haihuwa ba, ko kakarta ta sami shanyewar ɓarin jiki tun da sauran ƙuruciyarta. Uwar ta sani, kuma likita zai tambaya.