Wane Irin Ƙwan Fitila Ya Dace Da Kajin Ƙwai?



Yau maganar haske za mu yi. Mutum zai kashe kuɗi a kan abinci da rigakafi, amma in aka zo kan fitila sai ya aiki yaro shago ya sayo duk wadda ya samu. Ni ma haka na yi a kiwona na farko bayan gama makaranta. Na ɗaura farar fitila mai ƙarfi, na riƙa barinta a kunne har asuba tun kajin suna sati 14. Suka fara ƙwai da wuri, 'yan ƙanana, wasu bayansu ya fito, sauran suka bi su da sara. Wallahi na ji jiki.

Abin da na karanta a aji amma na yi wa riƙon sakainar kashi shi ne, kaza ba da ido kaɗai take jin haske ba. Haske yana ratsa ƙoƙon kanta ya isa ƙwaƙwalwa, daga nan jikinta ke samun saƙon fara ƙwai. Kuma jan haske ya fi shuɗi da kore ratsawa. To ka ga launin fitila ba ado ba ne.

In za ka saya, duba jikin kwalin, za ka ga lamba da harafin K:

• 2700K zuwa 3000K: haskenta ruwan ɗorawa ne, ja ya fi yawa a ciki. Ita ce ta kajin da ke ƙwai.
• 5000K zuwa 6500K: fara ce fat mai ratsin shuɗi. Ta fi dacewa da kajin nama da 'yan matan kaji masu tasowa.

Sai awanni. A Kano da kewaye, hasken rana bai wuce awa 11 zuwa 13 ba duk shekara, ita kuwa kaza mai ƙwai tana son awa 14 zuwa 16. Daga sati 17 ko 18, in nauyinsu ya kai, ka riƙa ƙara rabin awa duk sati har ka kai 16, sai ka tsaya. Kar ka bar wuta kwana, su ma suna buƙatar duhu su huta.

Riƙe waɗannan biyun: kar ka ƙara awannin haske suna tasowa, kar ka rage bayan sun fara ƙwai. In ka rage, ƙwai zai ja baya, wasu ma su fara zubar da gashi.

Ƙarfin hasken fa? In ka tsuguna daidai tsayin kaza kana iya karanta jarida, ya isa. In ya yi yawa, sara ke biyo baya. Ka riƙa goge fitilun, musamman da hunturu, don ƙura na cinye haske.

Matsalar wuta kuwa duk mun san ta. Ƙaramar sola da za ta riƙe fitilu a kan lokaci guda kullum ta fi wutar da yau akwai gobe babu. Da bazara, ƙarin awannin ka sa su da asuba, lokacin da gari ke da sanyi, kaji sun fi cin abinci.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.