Tafiya a Buɗaɗɗiyar Mota: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Turai da Amurka akan sayi mota mai rufin da ake naɗewa don shan iska. A ƙasar Gumel kuwa, buɗaɗɗiyar motarmu ita ce bayan akori-kura, ko saman motar shanu, ko babur. Duk ranar Alhamis haka jama'a da dama daga Gagarawa da Sule Tankarkar ke isa kasuwar Maigatari.

Me ya sa sanyi ke ƙaruwa idan mota na gudu?

Jikinka na ɗumama iskar da ke manne da fatarka. Gudun mota yana share wannan ɗumi, shi ya sa mai sammako a Disamba ko Janairu kan sauka yatsunsa sun ƙage. Riguna biyu ko uku sun fi guda mai kauri, ta sama ta zama wadda iska ba ta ratsawa. Rufe kunnuwa da rawani ko hular sanyi.

Ƙura fa?

Tana busar da hanci da maƙogwaro, sai ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga. Sanƙarau, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya fi yaɗuwa da rani, kuma a 2023 ya addabi Maigatari da Sule Tankarkar. Sa takunkumi ko ka yi amawali.

Da bazara ai iska daɗi ce, ko?

A nan ake ruɗuwa. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, ya fi na fatarka, don haka zafi iskar take ƙara maka. Gumi na bushewa nan take, ruwan jikinka na ƙarewa ba ka sani ba. Sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ka, ka kuma guji tafiya tsakanin hantsi da la'asar.

Wa ya fi shiga haɗari?

Jarirai, tsofaffi, masu juna biyu, mai azumi da mai ciwon asma. A nema musu wuri a gaban mota. Wanda ya fara jiri ko surutai barkatai, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a garzaya asibiti.

Nawa za ka kashe?

Kaɗan ne: gorar ruwa, takunkumi, man kaɗe don leɓe, da ƙullin gishiri da sukari na kemis, wanda ake damawa a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ka tanade su tun daren Laraba.