Azuzuwan Ingilishi na manya: yaushe gasa ke taimako, yaushe take rufe baki?

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, koyon Ingilishi ya ƙara samun dalili a Nijar. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ma'aikata, ƴan kasuwa da masu neman gurbin karatu a waje suna komawa kan benci da marece bayan an tashi daga aiki. Gemu ba ya hana ilimi, amma akwai abin da ke hana shi a irin waɗannan azuzuwa: kowa na auna kansa da na kusa da shi.

Daga ina gasar ta fito?

Duk wanda ya bi ta lakwal a ƙasar nan ya san tsarin. Ana ba da maki bisa 20, a jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, mushe ya karanta sakamako a gaban kowa. Mutum ya yi shekara ashirin da barin makaranta, amma da ya zauna a aji sai wannan tsohuwar ɗabi'a ta farka.

Ga kuma bambancin mafari. Wanda ya yi kwaleji ya taɓa Ingilishi tun daga ajin farko na sakandare, ko da ya manta rabinsa. Ɗan kasuwar Maraɗi mai zirga-zirga zuwa Katsina da Kano kunnensa ya saba da kalmomi da yawa. Wani kuwa bai taɓa jin harshen ba sai a rediyo. Idan aka haɗa su aji guda da sunan "masu farawa", na ukun zai ɗauka kansa ne ba ya ja, alhali sauran sun riga shi tashi ne kawai.

Sai batun girma. Shugaban ma'aikata na iya samun kansa benci ɗaya da ƙaramin ma'aikacinsa, uwa kuma da sa'ar ɗiyarta. A wurinmu, babba ya yi tuntuɓen harshe a gaban yara ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa sukan gwammace su yi shiru.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 1983, wata masaniyar koyar da harsuna a Amurka, Kathleen Bailey, ta wallafa nazari kan wannan batu. Ta duba littafin da ta riƙa rubuta abin da take ji kullum lokacin da take koyon Faransanci, ta haɗa da na wasu manyan ɗalibai. Ta ga alamomi suna maimaituwa: kwatanta kai da abokan aji, rige-rigen ba da amsa, damuwa da maki fiye da harshen kansa, da neman yabon malami.

Abin da ta fahimta shi ne, wanda ya ga kamar an fi shi yakan shiga fargaba, daga nan hanya ta rabu biyu. Wani fargabar ke sa shi ƙara ƙwazo, ya koma gida ya yi bita. Wani kuma sai ya janye: ya daina ɗaga hannu, ya fara fashin aji, ƙarshe ya bari gaba ɗaya, kuɗin rajista kuma sun tafi.

A 1986, Elaine Horwitz da abokan aikinta a jami'ar Texas sun fito da ma'auni mai tambayoyi 33 don gane fargabar ajin harshe. Sun danganta ta da abubuwa uku: tsoron magana da mutane, tsoron jarrabawa, da tsoron yadda wasu za su ɗauke ka. Na ukun shi ne gasa ke hurawa wuta.

Me ya sa ajin harshe ya bambanta?

A darasin lissafi, mutum na iya yin kuskurensa a cikin littafinsa, babu wanda ya gani sai malami. Harshe kuwa ba ya zama a baki sai an furta shi, kuskuren kuma kowa zai ji. Wanda ya yi shiru don kare mutuncinsa ya rasa atisayen da ya biya kuɗi dominsa. Shi ma gwanin ajin yana asara, domin harshe na bukatar abokin zance. In ya cinye lokacin magana shi kaɗai, ya rufe bakin waɗanda zai yi hira da su.

Yadda za a juya ta zuwa alheri

Ga cibiyoyi, matakin farko shi ne gwajin shiga, don a raba ɗalibai bisa matsayinsu. Ma'aunin harsuna na Turai yana da hawa shida, daga A1 zuwa C2, kuma ɗan A1 bai kamata ya zauna da ɗan B1 ba.

Ga malamai, a miƙa wa kowa takardarsa a hannu maimakon karanta maki a fili. A yawaita aiki na mutum biyu-biyu, inda kuskure ba ya wuce kunnen mutum ɗaya. In za a yi gasa, a yi ta rukuni da rukuni, ta yadda mai ƙarfi zai ga ribarsa a ɗaga mai rauni.

Ga ɗalibi kuwa, ya tuna cewa jarrabawar da yake nema ba ta da na ɗaya. IELTS na ba da maki har zuwa 9, kuma jami'a ko ma'aikata na duba makin mutum ne, ba ta tambayar wa ya fi a ajinsu. Akwai gwaji mai sauƙi: ka ɗauki muryarka a salula kana magana minti biyu kan aikinka, ka ajiye. Bayan wata uku ka sake ɗauka kan batu ɗaya, ka saurari duka biyun. Abin da ka ji tsakaninsu shi ne sakamakonka na gaskiya.