Yadda matsalar gani ke rikita auna hayyacin wanda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa

Idan aka kai mutumin da jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa babban asibiti, irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi a Jihar Nasarawa, ko hawan jini ne sanadi ko haɗarin mota a hanyar Abuja zuwa Akwanga, likita kan fara ne da duba ko yana cikin hayyacinsa.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. Makinsa daga 3 ne zuwa 15: huɗu na buɗe ido, biyar na magana, shida na motsin jiki. Idan jinya ta yi tsawo, akan ƙara da gilma madubi a gaban majiyyaci, a ga ko idonsa zai bi shi.

A nan gizo ke saƙar, domin gwajin ya ɗauka cewa idon lafiya lau yake. Jinin da ya zuba a cikin kai yakan ɗaga matsin da ke ciki farat ɗaya, har jini ya tsiyaya cikin ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido. Likitan idon Faransa Albert Terson ya bayyana wannan larura a 1900, kuma da sunansa ake kiran ta. Mai ita na iya farfaɗowa, yana jin muryar matarsa sarai, amma duhu kawai yake gani. Ba zai bi madubi ba, ba zai dubi mai yi masa magana ba, sai a zaci har yanzu yana cikin doguwar suma.

Haka kuma jijiyar da ta kumbura kan danne wadda ke ɗaga fatar ido, idon ya ƙi buɗuwa alhali mai shi a farke yake.

Kuskuren ba ƙarami ba ne. Dangin da suka fid da rai sukan ɗauke majiyyaci zuwa gida, a rasa gashin ƙashi da kulawar da za su taimake shi. Leƙa cikin idon ma da wahalarsa, saboda maganin ɗigawa da ke buɗe baƙin ido yana ɓoye alamar da likitoci ke sa wa ido don gane ko matsin ya ƙaru. Shi ya sa hoton duban-dan-tayi na ido ke da amfani, tare da umarnin da ba ya buƙatar gani, kamar a ce ya matse hannu ya saki.

Dangi na da nasu aikin: su sanar da likita idan majiyyacin dama yana da yanar ido, ko yana sa tabarau, ko ido ɗaya ya daɗe da mutuwa. Jinin cikin idon kan washe da kansa cikin watanni. Idan ya ƙi, akan yi tiyata a zuƙe shi, kuma gani kan dawo ga da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa.