TUNGAYEN GUDADDUN BAYI A ƘASAR BARAZIL

Duk yaron da ya tashi a Argungu ko Birnin Kebbi ya san abin da ake kira tunga. 'Yar ƙaramar mazauna ce da masunta ko manoma kan kafa nesa da gari, su yi bukkoki, su zauna. To, a can ƙetaren Tekun Atlantika akwai wata babbar ƙasa, sunanta Barazil, inda aka taɓa yin waɗansu irin tungaye dabam. Bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu suka kafa su a cikin dazuzzuka da kan duwatsu. A can ana kiran irin wannan mazauna "kilombo". Cikin waɗanda suka zauna a ciki har da Hausawa.

Turawan Fotugal suka fara sauka a Barazil cikin shekarar 1500, suka mai da ita ƙasar mallakarsu. Da suka ga ƙasar tana karɓar rake ƙwarai, sai suka sare daji, suka yi manyan gandaye, suka giggina masana'antun sukari. Amma aikin rake aiki ne mai wuya, yana bukatar hannu da yawa. Saboda haka suka shiga sayen mutane daga Afirka suna kaiwa can cikin jiragen ruwa. Kafin a daina wannan mugun ciniki, an sauke 'yan Afirka fiye da miliyan 4 a Barazil. Babu wata ƙasa a nahiyar Amurka da aka kai wa bayi masu yawan haka.

Bawa a gandun rake yakan tashi tun da asuba, ba ya hutawa sai dare. Abinci kaɗan ne, bulala kuwa da yawa. Wanda ya ga ba zai iya daurewa ba sai ya jira dare ya raba, ya sulale ya faɗa daji. In an kama shi, a yi masa azaba a gaban 'yan'uwansa don su tsorata. In Allah ya kuɓutar da shi, ya bi sawun waɗanda suka riga shi gudu har ya riske su a tungarsu.

Tungar da ta fi kowace girma da suna ita ce Palmares, a arewa maso gabashin Barazil. An fara kafa ta wajen shekarar 1600, a kan waɗansu tsaunuka masu itatuwa dangin kwakwa da giginya. Yawancin waɗanda suka fara zama a cikinta mutanen Angola ne da Kwango. A hankali ta bunƙasa, ta tashi daga tunga ɗaya ta zama garuruwa da dama, mutanenta suka kai dubbai. Suka noma masara da wake da rogo da ayaba da rake. Suna da maƙera da masu ginin tukwane, suna da sarki da fadawa. Babban garinsu, Makako, suka kewaye shi da kafi na manyan itatuwa, suka haƙa ramuka a waje, suka kakkafa tsinannun sanduna a ciki, suka rufe da ganye. Maharin da bai san hanya ba, sai ya afka.

Wannan abu ya dami Turawan Fotugal ƙwarai, domin muddin Palmares tana nan, kowane bawa ya san akwai wurin gudu. Suka yi ta aika rundunoni, ana kora su. Cikin 1678 gwamnan lardin ya yi sulhu da sarkin Palmares, mai suna Ganga Zumba. Sharaɗin shi ne, waɗanda aka haifa a Palmares su zama 'ya'ya, su sauko su zauna a wani kwari da aka ba su, amma waɗanda suka gudo daga gandaye a mai da su ga iyayengijinsu. Ganga Zumba ya yarda. Wani jarumi daga cikin shugabannin yaƙinsa, wai shi Zumbi, ya ƙi, don a ganinsa bai kamata a fanshi waɗansu da wuyan waɗansu ba. Jama'a da yawa suka bi Zumbi, yaƙi ya koma sabo.

Aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. Daga ƙarshe aka tara babbar runduna a ƙarƙashin wani mai farautar bayi, Domingos Jorge Velho, aka jawo igwa, aka kewaye Makako. Garin ya faɗi cikin watan Fabrairu 1694. Zumbi ya tsere, ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe, har aka tilasta wa wani na kusa da shi ya nuna maɓoyarsa. Aka kashe shi ran 20 ga Nuwamba 1695, aka kafa kansa a birnin Resife don bayi su gani su karaya. Palmares ta yi kusan shekara 100 tana tsaye.

To, yaya Hausawa suka shigo cikin wannan labari? Bayan shekara 100 da 'yan kai, ƙasar Hausa ta shiga zamanin yaƙe-yaƙe. An fara jihadi cikin 1804, aka ci Birnin Kebbi cikin 1805, yaƙi ya bazu gabas da yamma. Kowane ɓangare yana kama mutane. Waɗansu kamammun sukan faɗa hannun fatake, a yi ta sayar da su hannu zuwa hannu, a bi da su ta ƙasar Nupe da ƙasar Yarabawa har bakin teku, a Ikko ko Badagiri ko Wida. Can 'yan kasuwar Barazil ke musanya su da taba. Daga nan sai tafiyar fiye da wata guda a cikin jirgi, a ɗaure, zuwa lardin Bahiya. Da yawa cikinsu mayaƙa ne da suka san baka da kibiya, waɗansu kuma almajirai ne masu karatu da rubutu.

Irin waɗannan mutane ba su daɗe ba suka fara shiri. Cikin watan Mayu 1807 Hausawan birnin Salbado, hedkwatar Bahiya, suka ƙulla shawarar tawaye. Wani bawa ya tona asirin, aka faɗa gidan da suke taro, aka sami bakuna da kibau da ganga. Aka kashe biyu daga cikin shugabanninsu. Cikin Janairu 1809 kuma, waɗansu gudaddun bayi kamar mutum 300, yawancinsu Hausawa, suka fito daga maɓoyarsu suka kai hari garin Nazare don neman abinci da makamai, aka kore su.

Tashin da ya fi tsanani shi ne na ran 28 ga Fabrairu 1814. Bayi sun jima suna sulalewa daga birni suna taruwa a wata tunga cikin daji kusa da Salbado. Da asubahin ran nan suka fito, suka auka wa wuraren kamun kifi da ke bakin teku wajen ƙauyen Itapuwa, inda ake sa bayi aikin su. Suka ƙone gidaje da tarunan kifi, masunta 'yan'uwansu suka shiga cikinsu, suka nufi wajen gandayen rake don su ta da sauran bayi. Sojan doki suka tare su a bakin wani kogi, aka yi kazamin faɗa, aka kashe da yawa daga cikinsu. A takardun shari'ar da aka yi musu, an kira shugabansu da laƙabin "malomi". Duk Bahaushen da ya ji wannan kalma ya san malami ake nufi.

Me ya sa tungaye ba su iya cin nasara ba? Na farko, iyayengiji suna da bindiga da doki da igwa, su kuwa gudaddu yawanci sai baka da adda. Na biyu, bayin daga ƙabilu dabam dabam suke, ba kullum suke haɗa kai ba. Na uku, asiri yakan tonu tun kafin ranar tashi. Duk da haka wahalarsu ba ta tafi a banza ba, gama sun hana masu bayi barci, sun kuma nuna wa duniya cewa ba wanda ya yarda da bauta don son ransa.

Barazil ta rabu da mulkin Fotugal cikin 1822, amma bauta ba ta ƙare ba. Cikin Janairu 1835, a watan azumi, Musulmin Salbado suka sake tashi, yawancinsu Yarabawa, tare da waɗansu Hausawa. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu da rubutun Larabci. An hana shigo da bayi cikin 1850, aka soke bautar ɗungum ran 13 ga Mayu 1888. Tsarin mulkin ƙasar na 1988 ya ba jikokin mutanen kilombo ikon mallakar filayen da kakanninsu suka zauna. Ranar da aka kashe Zumbi kuwa, 20 ga Nuwamba, ta zama ranar hutu a duk ƙasar tun daga 2024. Waɗanda suka kafa kansa don a tsorata, yau ba mai tunawa da su kamar yadda ake tunawa da shi.

TAMBAYOYI

1. Mene ne kilombo? Ta ina ya yi kama da tunga, ta ina kuma ya bambanta?
2. Don me Turawan Fotugal suka riƙa kai bayi Barazil?
3. Yaya mutanen Makako suka tsare garinsu?
4. Me ya sa Zumbi ya ƙi sulhun 1678? Da kai ne, me za ka yi?
5. Nemi taswira, ka nuna hanyar da aka bi da kamammu daga ƙasar Hausa zuwa Bahiya.